Linkej ɗin shokozobar baya ya yi tsatsa: wanki da giris sun isa, ko sai na sauya boris?

Mahayin Daji ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kwance ƙasan babur ɗin daji.

Babur ɗina na tsere ne, mai inji cc 250, na hannu na saye shi. Tun da na fara hawansa nake jin bayan ya yi tauri a kan ƙananan gargada, yana dukan ƙugu, amma idan na faɗa babban rami sai ya shanye lafiya lau. Kwanan nan kuma ya soma ƙara duk lokacin da na danna kujera da hannu. Na ɗora shi a kan sitan yadda tayar baya ba ta taɓa ƙasa, na kama tayar na ɗaga sama, sai na ji tana ɗan wasa kafin shokozoba ta riƙe ta.

Shi ne na kwance linkej ɗin gaba ɗaya, wato ƙarfen nan mai kusurwa uku da sandar da ta haɗa shi da firam. A ramin da gindin shokozoba ke zama, giris ɗin ya koma ruwan ƙasa, ya haɗu da laka. Ina zare bushin, wato ɗan bututun ƙarfen da kusa ke ratsawa, sai allurorin boris suka zubo, wasu sun yi baƙi, kuma jikin bushin ɗin akwai layi-layi da farce ke kamawa. Sil ɗaya na wajen, wato zoben robar da ke tare ƙura da ruwa, ya yage. Sauran ramukan giris ɗinsu ya bushe, amma allurorin suna ƙyalli, ban ga tsatsa ba.

Tambayata: idan na wanke komai tas na cika shi da sabon giris, zai yi? Da me ake wankewa? Wane giris ya fi dacewa, baƙin nan mai moli (garin sinadarin molibdenam) ko wanda ruwa ba ya wankewa? Allurorin da suka zubo kuma, ana iya mayar da su? Na gode.

Tsohon Makanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi daidai da ka buɗe shi da kanka, domin wannan wurin shi ne aka fi mantawa da shi a jikin babur, alhali shi ne ya fi kowane sashe kusa da ruwa da laka.

Farcenka ya riga ya ba ka amsar rabin tambayar. Boris mai allura ba shi da zoben ciki nasa na kansa, a kan bushin ɗin nan allurorin ke mirginawa kai tsaye. Saboda haka duk bushin da farce ya kama layi a jikinsa ya gama aiki, kuma allurorin da suka yi wannan layin su ma sun gama. Giris ba ya cike rami a jikin ƙarfe. Idan ka cusa sabo ka mayar, ƙarar za ta yi shiru na ɗan lokaci, amma wasan da ka ji a taya yana nan, kuma tsatsar da ta rage za ta gauraya da sabon giris ɗin ta ci gaba da cin ƙarfe. Kada kuma wani ya ce ka goge bushin da sanfefa. Taurin ƙarfen a fatar sama yake, kuma duk abin da ka kankare ƙarin wasa ne ka saka. Boris ɗin gindin shokozoba, bushin ɗinsa da sil biyunsa, duka ka sauya su tare.

Abin da ke kawo layin nan shi ne yadda wurin ke aiki. Boris ɗin taya zagayawa yake yi, giris na bin ko'ina. Na linkej kuwa ba ya taɓa cika zagaye, gaba kaɗan baya kaɗan yake yi, a wuri ɗaya, ƙarƙashin nauyi mai yawa. Kowace allura tana matse giris daga ƙarƙashinta, idan ruwa ya samu shiga sai ya zauna daidai wurin, tsatsa ta kama, allurar ta haƙa wa kanta gurbi. Shi ya sa kake jin tauri a ƙananan gargada: ƙaramin duka ba ya iya fitar da allurar daga gurbinta, sai ya wuce kai tsaye zuwa ƙugunka, babban duka kuma yana fin ƙarfinta. Mutane da yawa a nan suke ɓata lokaci suna juya maɓallan shokozoba, suna zargin sifirin, alhali matsalar tana ƙasa.

Sauran da ka ce suna ƙyalli, su kam wanki da giris sun ishe su, in dai bushin ɗinsu sumul yake. Ga yadda nake yi.

Rami ɗaya nake kamawa in gama da shi kafin in taɓa na gaba. Ina shimfiɗa farin tsumma a cikin faranti mai baki, in ciro sil a hankali da ƙaramar sukundireba ba tare da na karce alminiyam ba, sannan in zubo allurorin in ƙirga su. Ƙirgan nan yana da muhimmanci. Boris iri biyu ne: akwai mai keji da ke riƙe allurorin, akwai wanda allura ke jingine da allura babu keji, giris ne kawai ke riƙe su. Naka da suka zubo irin na biyun ne. Allura ɗaya ta ɓace, sauran za su karkace su ci bushin. Kada kuma ka haɗa na wannan ramin da na wancan, domin ko da ido ya ga kamar ɗaya suke, tsayi ko kauri na iya bambanta. Ni ba na tsince su da maganaɗisu, saboda allurar da ta ɗauki maganaɗisu tana jan garin ƙarfe ta riƙe.

Wanki da kananzir nake yi, da tsohon burushin haƙori. Yana narkar da busasshen giris kuma ba ya cutar da roba. Fetur ka bar shi, haɗarin wuta ya yi yawa ga aikin da kananzir zai yi. Bayan kananzir ina fesa maganin wanke birki a cikin kofin boris da kan allurorin don ya kwashe maiƙon da ya rage, amma ba na bari ya taɓa sil. Sai in bar komai ya bushe sarai. Giris ba ya kama ƙarfen da ke da danshin kananzir, narkewa yake yi ya gudu. Kafin ka rufe, haska fitila cikin kofin ka duba bangonsa, domin wani lokaci allura na ƙyalli amma bangon ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa. In ka ga haka, shi ma ya bi sahun na farko.

Wajen mayarwa, shafa giris mai kauri a bangon kofin, ka riƙa manna allurorin ɗaya bayan ɗaya, giris ɗin zai riƙe su. Idan sun cika za ka ga ɗan gibi ya rage wanda bai kai faɗin allura guda ba, haka yake, kada ka tsorata. In gibin ya isa allura ta shiga, to akwai wadda ta ɓace, koma ka nema. Daga nan ƙara giris da yatsa, kana dannawa har ya shiga tsakaninsu. Sil ma ka cika bayan leɓensa da giris, ka mayar da shi yadda ka same shi. Bushin kuma ka shigar da shi kana murzawa a hankali, yatsanka ɗaya na tare ɗaya bakin don kada ya turo allura waje. Giris ɗin da ya fito ka share na waje, saboda wanda ya zauna a fili yashi kawai yake tarawa.

Tun da ka riga ka kwance linkej, kada ka tsaya nan. Zare doguwar kusar da ke riƙe da hannun tayar baya, wadda ta ratsa firam da bayan inji. Boris ɗin wurin irin waɗannan ne, ruwa ɗaya suke sha. Ita kanta kusar idan aka bar ta shekaru babu giris tana kamewa a ciki, kuma fitar da ita a lokacin aiki ne mai cin rai ƙwarai. Na ga wadda sai da aka yanka ta.

A maganar giris, ni wanda ruwa ba ya wankewa nake sawa, mai lambar kauri NLGI 2. Dalilina shi ne duk linkej ɗin da na buɗe na tarar ya lalace, ruwa ne ya kashe shi, ban cika ganin wanda nauyi ya murƙushe alhali yana cike da giris mai tsabta ba.

Mai Sifana ya rubuta:

Ranka ya daɗe Tsohon Makanike, bayaninka ya gamsar, amma a kan giris ina da ɗan bambancin ra'ayi, ka yi min haƙuri.

Kai da kanka ka faɗi cewa allura tana matse giris daga ƙarƙashinta saboda ba ta zagayawa. To a irin wannan wurin ne moli ke da amfani, domin garinsa yana manne wa fatar ƙarfe, ko da man ya matse ya fita akwai abin da ya rage tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Shi ya sa littattafan wasu kamfanoni suka ambaci giris mai moli a linkej. Ni shawarata ga Mahayin Daji ita ce ya buɗe littafin babur ɗinsa ya ga abin da aka rubuta. Idan hawansa na busasshiyar ƙasa ne da tsalle-tsalle, moli ya dace. Idan mai ratsa rafi da taɓo ne, na yarda da kai. Akwai ma giris ɗin da ya haɗa biyun, ba ya jin ruwa kuma da moli a ciki.

Abin da ba na so ya yi shi ne ya cakuɗa iri biyu a rami ɗaya. Sinadarin da ke ba giris kauri ya bambanta, wani litiyam ne, wani alminiyam, wani kalsiyam, kuma wasunsu idan suka haɗu sai su tsinke su zama ruwa-ruwa su zube. Tun da bai san abin da mai babur na farko ya sa ba, wankin nan da ka ce ya yi tas wajibi ne.

Abu na biyu, ga sauran masu karatu. Wasu baburan Yamaha na YZ da WR suna zuwa da wani abu mai kama da kakin zuma a tsakanin allurorin, ana ce masa polilub. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka tsohon giris ne ya daskare, ya sa tsinke ya ƙwaƙule. Ba datti ba ne, wata roba ce mai ƙananan ƙofofi da ke riƙe mai tana sakinsa a hankali, kuma ita ce ke riƙe allurorin a wurinsu. In tana nan lafiya, a goge da tsumma a ƙara giris a kai, kada a jiƙa ta da maganin wanke birki. In ta riga ta farfashe, a cire ta duka a cika da giris, amma daga ranar a san cewa wurin zai riƙa neman kulawa a kai a kai.

Masu KTM irin na PDS kuma, su ba su da linkej sam, shokozoba a kan hannun taya take zaune kai tsaye. Boris ɗin gindinta mai ƙwallo ne, an lulluɓe cikinsa da wata roba mai santsi da ake kira Teflon, kuma kamfanin ya ce kada a sa masa giris. Kada wani ya karanta wannan zaren ya je ya cika nasa.

Mahayin Daji ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba Makanike da Malam Mai Sifana. Hawana yawanci akwai ratsa ruwa, don haka zan nemi wanda ba ya jin ruwa, in na samu mai moli a ciki ya fi. Na wanke sauran, biyu lafiyarsu ƙalau, amma da na haska fitila na ga ɗigon tsatsa a bangon na uku. Zan sayi cikakken saiti kawai in sauya duka.

Sai dai ba ni da injin matsa boris. Da guduma da soket zan iya fitar da tsofaffin in saka sababbin? Kuma noti-notin nan, yaya zan san ɗaurin ya isa?

Tsohon Makanike ya rubuta:

Malam Mai Sifana, na karɓi gyaranka, musamman maganar cakuɗawa da ta polilub. Inda muka haɗu shi ne giris mai tsabta da ake sabuntawa, kowanne ne cikin biyun, zai kai boris inda ake so.

Ɗana, ajiye guduma. Kofin boris mai allura siririn ƙarfe ne, duka ɗaya a karkace ya isa ya lanƙwasa bakinsa, allurorin su daina juyawa tun kafin babur ya taka ƙasa. Ramin kuma alminiyam ne, in ka faɗaɗa shi sabon boris ba zai ƙara zama daram ba, sai ka sayi ƙarfen gaba ɗaya.

Ba ka buƙatar babban inji. Nemi doguwar kusa mai zare tun daga sama har ƙasa, da noti biyu, da washa masu kauri, da soket biyu. Soket ɗaya ya zama ya ɗan fi boris ƙanƙanta yadda zai bi shi cikin ramin, ɗayan kuma ya fi shi faɗi yadda boris zai faɗa cikinsa. Ka jera su, kusar ta ratsa tsakiya, ka riƙa ɗaure noti a hankali. Za ka ji ya yi ƙas sau ɗaya, daga nan sai ya taho. In kana da bais na teburi, shi ma yana yin wannan aikin. Wanda ya ƙi motsi, ɗumama alminiyam ɗin da iskar zafi, domin alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa da zafi. Ɗumi kawai, kada ka gasa shi.

Kafin ka fitar da tsohon, auna zurfin da ya zauna daga bakin ramin, ka rubuta. Wannan zurfin shi ne gurbin sil. In sabon bai shiga sosai ba sil zai tsaya a waje, in ya zarce kuma bushin ba zai zauna daidai a kan allurorin ba. Littafin kamfani yana ba da adadin da milimita, in kana da shi ka bi nasa. Akwai ramukan da boris biyu ke ciki, ɗaya ta kowane gefe, wasu har da ɗan tudu a tsakiya. Duba da kyau kafin ka matsa, kada ka tura boris ya ci karo da tudun.

Sababbin ka sa su a firiza kafin aiki don su ɗan tsuke. Goge ramin, shafa masa giris kaɗan. Soket ya dafa gefen da aka buga lamba a jikin kofin, shi ne gefen da ya fi ƙwari. Farkon shigarsa shi ne komai: in ka ga ya soma karkacewa, sassauta ka daidaita, kada ka ce zai miƙe a hanya. Idan irin mara keji ne, bar abin da kamfani ya saka a tsakiya yana riƙe allurorin har sai ya gama zama. Giris ɗin da ke zuwa a cikin sabon boris kuma ɗan kaɗan ne, na hana tsatsa a ajiya, sai ka cika shi da naka.

Wajen haɗawa, ina fatan ka ɗauki hoto kafin ka kwance, domin ƙarfen mai kusurwa uku yana iya shiga a juye, kuma kowace kusa da gefen da take shigowa. Shafa giris a jikin kusar, amma zaren da noti ke hawa ka bar shi a bushe, in ba littafin ne ya ce a shafa ba, saboda zare mai maiƙo yana sa ka wuce ɗaurin da aka ƙayyade ba ka sani ba. Saka duka kusoshin tukuna kafin ka ɗaure ko ɗaya, kana ɗaga tayar kaɗan-kaɗan har ramuka su haɗu. Ɗaurin kuwa da sifana mai auna ƙarfi ake yi, a kan noti, kana riƙe da kan kusar. Adadin ya bambanta daga babur zuwa babur, har daga kusa zuwa kusa a babur ɗaya, don haka daga littafin naka za ka ɗauko shi. In ba ka da irin wannan sifanar, ara. Notin linkej da ya kwance a kan gudu ba ƙaramin haɗari ba ne.

Gwaji ɗaya kafin ka ɗaura gindin shokozoba: kama hannun tayar ka ɗaga shi sama ka sauke har ƙarshe. Ya kamata ya tafi sumul, babu inda ya cije, babu wasa ta gefe. In ya cije a wani wuri, akwai allurar da ta kwanta ko sil da ya naɗe.

Ɗan Tsere ya rubuta:

Manya sun gama magana, ƙari kaɗan ne nawa a kan abin da zai hana ka sake tarar da laka a wurin.

Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana cikin manyan masu kashe boris ɗin nan. An yi sil ne don ya tare ƙura da fantsamar ruwa, ba zai iya tsayawa gaban ruwan da aka harbo masa kai tsaye ba. Idan kana wanki, kada ka saita bakin feshin a kan gefen linkej ko kusar hannun taya. Ja baya, ka sa burushi ya yi aikin. Dubi kuma robar nan da ke rataye a gaban tayar baya tana kare shokozoba daga laka, in ta yage ka sauya ta.

Game da lokaci, jadawalin Honda na baburan tsere irin CRF ya sa a yi wa linkej da hannun taya giris bayan kowane tsere uku, ko kimanin awa 7.5 na aiki. Na masu gasa ne wannan, mai hawan nishaɗi ba lallai ya bi shi daidai ba. Ni ina buɗewa a farkon lokacin hawa da tsakiyarsa, sannan duk ranar da babur ya nutse cikin ruwa har linkej ya ɓace, ba na jiran jadawali, aƙalla na gindin shokozoba sai na duba. Sabon babur ma ana buɗe shi tun bai sha wuya ba, domin sau da yawa giris ɗin da ya zo da shi bai taka kara ya karya ba.

Idan ka gama, sake auna yadda bayan ke sauka. Ma'aunin da aka yi lokacin da boris ke cije ba abin dogaro ba ne. A manyan baburan tsere ana neman wajen milimita 100 zuwa 105 idan mahayi na kai da kayansa, da kuma wajen 30 zuwa 40 idan babur na tsaye da nauyinsa shi kaɗai. Ka mayar da maɓallan shokozoba inda littafi ya ce tukuna, ka hau ka ji, sannan ka fara juyawa. Bayan hawan farko kuma ka sake bin noti-notin da sifanar awo.